Addu'ar da Aka Katse a Cikin Gajimare

Ranar da aka kai Yaya makwancinsa ina zaune a tsakar gidansa na unguwar Choggu a Tamale, kan tabarmar da matarsa ta shimfiɗa mana, ina jin abin da masu zuwa gaisuwa suke faɗa a tsakaninsu. Sun zaci tsufa ya cinye mini kunne. Ƙafa ce kawai ta gaza, kunnena yana nan ras.

Wata maƙwabciyarsu ta shafa addu'a, ta juya wajen ta kusa da ita ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma fa sai ka gaishe shi ya yi kamar da bango kake." Ɗayar ta ce ai haka 'yan boko na farko suke, kai ya yi musu girma. A waje kuma, cikin samarin da suka ɗauki makara, na ji wani yana tambayar ɗan'uwansa wai da gaske ne tsohon nan ya taɓa tuƙa jirgin sama, ko dai labarin unguwa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wurin makoki ba wurin faɗa ba ne.

Da yamma wani tsoho ya iso daga Akra, Kirista ne, mutumin kudu, yana dogara sanda. Tare suka yi aikin jirgi da Yaya. Bai shigo ba, ya tsaya bakin ƙofa ya cire hularsa, hawaye na bin fuskarsa. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce mini, "Hajiya, wannan mutum, in shi na gaba, kai barci kawai. Mu duka shi ya koya mu." Shi kaɗai ne ranar ya faɗi abin da ya sanyaya mini rai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar liman. Da yake yaro ne, bai san gidanmu na da ba, ya yi irin maganar da ake yi wa kowane dattijo, ya ce marigayi ya rabu da iyayensa lafiya, ya samu albarkarsu. Jama'a suka ce amin. Ni na sunkuyar da kai, domin ni kaɗai na rage a duniya da na san ba haka aka yi ba. Yaya ya yi tsawon rai yana neman albarkar Baba, kuma wannan neman shi ne duk labarinsa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba na so in bi shi ban faɗa ba.

Babanmu falken goro ne, babban mutum a zongon Tamale. Gaisuwarsa kaɗai aiki ce. Ga ta Dagomba, mutanen garin, da muka tashi cikinta, ka durƙusa kana amsa "naa, naa" har gwiwa ta yi tsami, ga kuma tamu ta Hausa da yake ɗorawa a kai: gida, iyali, gajiya, kasuwa, ruwa, har akuyar da ta haihu sai ya tambaya. Addu'arsa kuwa ta fi gaisuwar tsawo. In ya ɗaga hannu, kowa a wurin sai ya ajiye abin da yake yi ya ɗaga nasa, kai a ƙasa, har sai ya shafa. Na taɓa barin tuwo ya kama a wuta saboda Baba ya fara addu'a ina tsakiyar tuƙi, kuma Inna ba ta ce mini kanzil ba, don ta san ba ni da yadda zan yi. A gidanmu ba a katse Baba, ba a motsi yana ambaton Allah.

Yaya shi ne ɗan fari, shi ne kuma wanda aka ba makarantar boko lokacin da aka ce kowane babban gida ya ba da yaro. Baba ya ba da shi yana gunaguni. Amma da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, aka kwashi samari masu kai aka tura su ƙasar waje koyon tuƙin jirgi, Yaya na cikinsu, sai gunagunin ya koma alfahari. Kai, Baba ya dami mutane! Duk jirgin da ya wuce ta saman kasuwa, ko na wane ne, sai ya tsayar da ciniki ya nuna sama ya ce yaronsa ne. A shekarun nan kowa gani yake komai zai yiwu, tunda ga ɗan zongo da farar riga da hula irin ta kyaftin yana sauka daga sama. Lokacin bai zama kyaftin ba, mataimaki ne, yana zama kujerar dama kusa da wani Bature mai furfura. Mu dai a wurinmu shi ne mai jirgin.

Kuma a lokacin mutum ne mai fara'a, wannan ne mutanen Choggu ba su sani ba. In jirginsa zai tashi muna zuwa bakin wayar da aka kewaye filin jirgin da ita, shi kuma ya buɗe 'yar tagarsa ya ɗaga mana hannu, wani lokaci har ya yi wa Inna gwalo. Ita ce ta tambaye shi wata rana, tana tsince shinkafa, yadda ake yi jirage ba sa karo alhali babu titi a sama. Ya ce, "Inna, sama hawa-hawa ce kamar bene. Masu oba-oba na ƙasa, waɗanda muke magana da su ta rediyo, su ke ba kowa hawansa. Mai zuwa kudu yana nasa, mai zuwa arewa yana nasa a ƙarƙashinsa ko a samansa. In kowa ya riƙe nasa, ko cikin gajimare ne ba ku ganin juna, lafiya lau za ku wuce." Inna ta ce to in mutum ya zame fa? Ya yi dariya ya ce shi ya sa ba a ɗauke ido daga agogon da ke nuna hawan.

Sai idon Baba ya fara yana. Aka ce a kai shi asibitin Kumasi, Yaya kuma ya ce ba za a wahalar da shi a lori ba, a jirginsa zai tafi. Ni aka zaɓa in raka shi in riƙa yi masa ja-gora. Da damina ne. Baba ya sha babbar riga da rawani kamar ranar salla, rabin zongo suka rako mu fili. Cikin jirgin ma akwai mutanenmu, 'yan kasuwa da wani malami da matar wani mahauci, duk sun san ko shi wane ne.

Da muka yi nisa, muka shige cikin gajimare fari fat, ba ka ganin komai ta taga, sai Baturen nan ya ɗaga labulen da ya raba mu da su ya fito. Mutumin kirki ne, karamci ya yi niyya. Ya ce a kawo dattijo ya ga inda ɗansa yake aiki, shi zai ɗan taka baya ya ba su wuri. Na kama hannun Baba na kai shi. Wurin matsattse ne, ga agoguna birjik, ga ƙarar inji. Baba bai zauna ba, ya tsaya ya dafa bayan kujera, ni ina bayansa na riƙe masa riga.

Ya fara da gaisuwa. Yaya yana amsawa, hannunsa biyu kan sitiyari, yana ɗan waiwayowa. Sai Baba ya shafa kafaɗarsa, ya ce yau Allah ya nuna masa abin da kakanninsa ba su gani ba, bari ya sa masa albarka a nan inda ya fi kusa da sama. Ya ɗaga hannu ya fara. Yaya ya saki hannu ɗaya ya ɗaga. Baba, duk da yanar idonsa, ya lura. Ya tsaya ya ce, "Da hannu ɗaya ake karɓar addu'ar uba?"

Na ga wuyan Yaya ya yi tauri. Ya dubi agogo, ya dubi gaba, komai tsit, jirgin yana tafiya sumul. Ya saki ɗayan ma. Ya buɗe tafukansa biyu, ya sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana tun muna rarrafe. Ni ma na saki rigar Baba na ɗaga nawa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Baba ya bi annabawa, ya bi iyaye da kakanni, ya zo kan ƙasarmu sabuwa. Ba wanda ya ji komai, don hancin jirgin a hankali ya riƙa sunkuyawa. Ni dai na ji kunnena yana toshewa, na haɗiye yawu na ci gaba da amin. Baba ya iso inda muke jira, ya kira sunan Yaya, ya ce "Allah ya yi maka", sai abin da ke kunnen Yaya ya ɗauki ƙara, wata murya tana ta maimaita magana da ƙarfi. Ya ɗaga ido ya dubi agogon.

Ihun da ya yi har yau yana kunnena. "Baba, yi shiru! Yi mini shiru! Ke, fitar da shi!"

Ya cafki sitiyari ya ja, injuna suka yi kururuwa, ƙasan jirgin ya taso mana. Ni da Baba muka yi baya ta cikin labule muka zube a gaban mutane. Rawaninsa ya warware, hular ciki ta gangara ƙarƙashin kujeru, ga kan Baba a waje, kan da ni 'yarsa ban taɓa gani tsirara a gaban baƙi ba. Masu zaune ta hagu suka sa salati, don sun ga wani abu baƙi, ƙato, ya gifta ta ƙarƙashin fiffike ya ɓace cikin farin. Jirgin da ya taso daga kudu ne. Yaya ya zame daga hawansa har ya shiga na mutane.

Baturen ya tsallake mu a guje ya koma kujerarsa. Malamin nan ya lalubo hular ya miƙo, na taimaki Baba ya zauna, na shiga naɗa masa rawani. Haka muka zauna har muka sauka. A Kumasi Yaya ya zo ya durƙusa a kan kwalta da fararen kayansa, a gaban ma'aikata, ya kama ƙafar Baba. Baba ya janye ƙafarsa ya ce da ni, "Mu je asibitin."

Kafin mu dawo labari ya riga mu isa Tamale. Kuma kun san yadda labari yake tafiya: ba wanda ya ɗauko zancen ɗaya jirgin, abin da aka ɗauko shi ne ɗan wane ya daka wa ubansa tsawa yana tsakiyar ambaton Allah, ya tumɓuke masa rawani. A wajen aiki kuma Yaya da bakinsa ya kai ƙarar kansa. Baturen ya so ya ɗauki laifin, ya ce shi ya bar kujerarsa, Yaya ya ce ba shi ya saki sitiyari ba. Aka dakatar da shi na wani lokaci, aka sake gwada shi, aka mayar da shi. Nan abin ya wuce. A gida ne bai wuce ba.

Baba bai tsine masa ba, kada wani ya ɗauka haka. Bai kore shi ba, bai hana shi shiga gida ba. In ya gaishe shi sai ya ce "lafiya", shi ke nan, mutumin da gaisuwarsa take kai akuya. Ya daina nuna sama in jirgi ya wuce. In ya yi wa 'ya'yansa addu'a da salla, yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya da suna, ya tsallake na fari kamar ba a haife shi ba. Yaya yana nan cikinmu a durƙushe, tafukansa a buɗe, har a shafa. Wayyo, na tsani ranakun sallar nan.

Babu wanda ba a turo ba. Liman na lokacin ya zo, sarkin zongo ya aiko, abokan fataucinsa sun zo. Inna ta yi kuka har ta gaji. Ni da bakina ba ya shiru na tare shi wata rana bayan azahar na ce, "Baba, don Allah, da bai yi ihun nan ba da yanzu duk mun zama gawa, har da kai." Ya ce ya sani. Na ce to mene ne? Ya ce, "Wanda nake kira a lokacin shi ne mai riƙe da jirgin, ba yaron ba. Ya nuna mini ya fi yarda da agogonsa." Na ce ai Allah ne ya ba shi idon duba agogon. Ya ce in tashi in ba shi wuri tun bai haɗa da ni ba. Ina son Baba, Allah ya sani, amma taurin kansa ya cuce mu.

Yaya kuwa sai ya zama wani mutum dabam. Shi a ganinsa laifinsa ba ihun ba ne, sakin sitiyarin ne. Ya ce mini, "Na kusa kashe Baba da ke da bayin Allah saboda kunya ta hana ni cewa a dakata." Daga nan ya ɗaure wa kansa doka: in yana abu, abin kawai yake yi. Da ya zama kyaftin ya hana kowa ɗaga labule, ko minista ne. Ya hana hira a gaba lokacin tashi da lokacin sauka. Mataimakansa sun ce ko shayi aka kawo masa, sai ya ce da na kusa da shi "jirgi yana hannunka", ya ji ya amsa, sannan ya karɓi kofi. Ya kuma daina buɗe tagar nan. In farfela ta fara juyawa, ko Inna ce a bakin waya, ba ya waiwayowa.

Dokar ta biyo shi har gida, har tsufa. Yana zuba ruwan zafi ka yi masa sallama, ba zai amsa ba sai ya ajiye buta. Yana ɗaure igiyar rago, yana yanke farce, yana tsallaka titi, duk ɗaya. In ka matsa masa ya ce, "Bari in sauka tukuna." Jikokinsa har kwaikwayonsa suke yi a bayan idonsa. Amma in ya sauka ɗin, zai juyo gaba ɗaya ya ba ka fuskarsa, ya saurare ka kamar kai kaɗai ne a duniya. Mutane ba sa jira su ga wannan, sun riga sun yi fushi sun wuce.

Bayan ya ajiye aiki, tsohuwar motarsa ita ce motar asibitin unguwa. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara a gona ta wajen Kukuo, yaron da ya faɗo daga mangwaro, duk shi ake bugawa ƙofa, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba a yi masa magana yana tuƙi. Na taɓa yin faɗa da shi a kan haka. Ya ɗauko ni daga gidana na Gurugu za mu biki, ina ba shi labari mai daɗi, mutumin nan ko ƙala. Na ce, "Haba Yaya, wannan fa mota ce, ba jirgi ba, in ta zame ina za ta?" Ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya juyo ya ce, "To, ina jin ki." Haushi ya sa na manta labarin. Muka zauna muna kallon juna, sai dariya ta ƙwace mana mu biyu.

Amma na yi gaba da yawa. Bari in koma ranar da Baba ya rasu, don ita ce ta fi komai nauyi.

'Yan shekaru ne bayan abin jirgin. Baba ya kwanta ciwo, jiki ya ƙi. Duk sanda Yaya ya sauka a Tamale sai ya zo ya zauna bakin ƙofar ɗakin, ya kawo magani daga Akra, a karɓa a ce "lafiya". Ranar nan da safe ya zo ya gaishe shi ya tafi fili, zai kai jirgi kudu. Bai daɗe da fita ba, ina shafa wa Baba man zafi a ƙafa, sai na ji ya ce, "A kira mini shi." Na ce wa? Ya faɗi sunan Yaya. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun cikin gajimare.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tari wata motar itace na roƙi direban, ya kai ni har bakin fili. Ina isa na tarar an rufe ƙofar jirgi, an janye matakala, farfela tana juyawa. Mai gadi ya hana ni shiga. Na ruga bakin waya, daidai inda muke tsayawa da, na cire mayafina ina kaɗawa, ina ihu, ina tsalle kamar mahaukaciya, ni matar aure. Ina hango shi ta gilashi, ga hularsa, ga gefen fuskarsa. Bai juyo ba. Jirgin ya juya a hankali, ya miƙe, ya tashi, iskarsa ta watsa mini ciyawa a fuska.

Na koma gida na ce wa Baba ya riga ya tashi. Kafin la'asar ya cika, kafin magariba an rufe shi. Washegari Yaya ya dawo ya tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Na gaya masa komai, don ba na iya ɓoye abu. Ya tambaye ni me Baba yake so ya faɗa, na ce ban sani ba, kira kawai ya yi. Ya je kabarin ya daɗe a tsaye. Da na ga yadda yake ramewa sai na riƙa lallashinsa da magana ɗaya, na ce, "Ba laifinka ba ne, Yaya, ba ka gan ni ba. Da ka gan ni ai da ka tsaya." Duk sanda na faɗa sai ya dubi ƙasa. Na yi ta faɗa masa wannan maganar har muka yi furfura, har Inna ta tafi, har 'yan'uwanmu suka ƙare aka bar mu mu biyu. Ya yi wa Baba aikin hajji, ya haƙa rijiya da sunansa, kowace Juma'a yana kan kabarinsa har ƙafarsa ta daina kai shi. Duk wannan bai sa ya daina tambayar malamai ko albarkar da aka fara ba a ƙarasa ba tana hawa kan mutum ba. Kowanne ya ba shi amsa mai daɗi, ba wadda ta zauna masa.

A ciwonsa na ƙarshe na tare a gidansa. Wata rana da hantsi matarsa ta fita sayo koko, ni ina yi masa fifita, sai ya ce in ajiye mafici in matso. Na matso. Ya ce, "Na gan ki."

Na ce a ina?

"A bakin waya. Mayafinki shuɗi ne. Ba takalmi a ƙafarki."

Na ce, "Yaya, ka gan ni? Ka gan ni ka tafi?"

Ya ce ta gefen ido ya gan ni, kuma nan take ya san abin da ya kawo ni, don ba abin da zai fito da ni haka sai Baba. Ya ce hannunsa yana kan abin kashe inji, da ya ja shi ke nan, ba wanda zai ce masa don me. "Na ce wa kaina akwai mutane a bayana, na yi alkawari ba zan ƙara waiwaya ba. Haka na gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba ita ce duka ba." Ya huta, numfashinsa yana sarƙewa. "Tsoro na ji. In na je ya ƙarasa mini, to. In kuma kira ya yi don ya gaya mini bai yafe ba kafin ya tafi fa? Na ga gara in bar shi zuwa gobe. Sai na mayar da idona kan agogo."

Na so in yi masa faɗa, irin wanda na saba. Na buɗe baki, na dubi yadda ya koma ɗan mitsitsi a kan gado, sai kuka ya zo mini maimakon faɗan. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na ji haushin Baba, duk a lokaci ɗaya. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya kamo hannuna ya ce akwai abin da bai taɓa iya tambayata ba, yanzu kuma lokaci ya ƙure.

"Da ya ce a kira ni, yaya fuskarsa take? A sake, ko a ɗaure?"

Ya zuba mini ido yana jira. Na san abin da yake so in ce, kuma kalma ɗaya ce, ba mai ƙaryata ni a duniya. Amma mutumin da ya kai ƙarar kansa da bakinsa, wanda yanzun nan ya gama gaya mini abin da ya fi ƙarfinsa, ban ga yadda zan sallame shi da ƙarya ba. Na koma ɗakin nan a zuciyata, na nemi fuskar Baba iya nemana.

Na ce, "Yaya, bango yake kallo. Ni ina wajen ƙafafunsa. Ban ga fuskarsa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To." Bai ƙara tayar da maganar ba, kwana kaɗan bayan nan ya cika.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, ga kuma ubansa can ya riga shi. Ka jiƙansu, Ka yafe musu, Ka haɗa su wuri ɗaya. Kai kaɗai Ka ga fuskar Baba ranar nan.